Cikon Bayan Giginya

Ɗana Zaharaddeen ya faɗi maganar tasha a gaban baƙi, anka kama jiragen mutum uku, ni kuma ina zaune a wurin ina tafa masa. Abin da ya faru ke nan. Saura duk bayani ne.

Sunana Dudu. Jirgin fasinja nake ja daga Yauri zuwa Wara da gungunan da ke tsakani, tun ina da ƙarfin ɗaga inji ni kaɗai. Boko ban yi nisa ba, hannuna ya fi sabawa da igiya. Zaharaddeen ne na uku cikin 'ya'yana, shi kaɗai ya kai jami'a. Ni likita na so ya zama, ko injiniyan dam. Da ya dawo hutun farko na tare shi a zaure.

"Mi kake karantawa can?"

"Antiropoloji, Baba."

"Wane ciwo yake warkarwa?"

"Ba ciwo ba ne. Karatun sanin mutane ne. Yadda suke zama, da al'adunsu, da abin da ke sa su yi abin da suke yi."

"To ni da nake cika jirgi da mutane kullum, wa ya ba ni digiri?"

Ya yi dariya, ni ban yi ba. Amma na ci gaba da biya, don abin da na fara ba na sakinsa a tsakiyar ruwa.

Ya gama, ya yi bautar ƙasa, ya dawo gida. Nan wahala ta fara. Yaro ba ya zama. Ya shiga ɗaki, ya fito, ya zagaya rijiya, ya ɗaga waya sama yana neman sabis, ya tafi shagon kwamfuta ya dawo da fuska kamar an yi masa mutuwa. Innarsa Hansatu ta ce kallonsa kawai na sa mata jiri. Ni kaina in na dawo daga ruwa na tarar da shi yana wanga safa da marwa, sai in ji abinci ya fita raina.

Na tambaye shi abokan karatunsa ina sunka nufa. Ya ce Andrew, wani yaron Ngaski da ya taɓa kwana gidanmu, yana koyarwa a makarantar kuɗi, albashinsa ba ya sayen buhun shinkafa. Maryam ta samu gidan adana kayan tarihi a birni, tana goge tukwanen da babu mai dafa komai a ciki, amma dai ana biyanta ƙarshen wata. Wani ya shiga aikin ɗamara, ya manta da karatun gaba ɗaya. Wani na zaune ƙarƙashin lema da na'urar cire kuɗi. Ya ce masu samu na sosai su ne waɗanda ƙungiyoyi ko kamfanoni sunka ɗauka, su shiga ƙauye su ji ta bakin mutane, ko waɗanda sunka koma sunka ƙara karatu har sunka zama malaman jami'a.

"To ka koma ka ƙara."

"Da kuɗin wa, Baba?"

Fetur kuwa ya riga ya hau, jirgin da ke ci da gida ya koma cin kansa.

Damina biyu ta wuce a haka. Sai wata ƙungiya daga Abuja ta zo. Sun ga yadda ruwan nan ke cin mutane, jirgi ya bugi kututturen itatuwan da dam ya shanye, ya tsage, a kwana ana tsamo gawa. Sun kawo rigunan ruwa lodi guda sun raba, kowa ya karɓa ya gode, babu mai sawa. Shi ne suke neman wanda zai zauna cikin mutane ya gano dalili. Shugabarsu wata mata ce, Madam Susan. Ta ce aikin 'yan watanni ne, in ya yi kyau akwai kujera ta dindindin a Abuja. Ranar da ya gaya mana sun ɗauke shi, na ga yaron nan ya zauna ya cinye tuwo har ya nemi ƙari.

Amma tasha tana da dokarta. Babu wanda ke zuwa ya zauna cikinmu, ko yaron jirgi ne ko mai sayar da mai, sai wani mai layi, wato direban da ke da gurbin lodi a tasha, ya raba goro ya ce ya tsaya masa. Wanda ya tsaya wa mutum, laifin mutumin nasa ne. In yaron jirgi ya yi sata ba shi ake kira ba, wanda ya raba goro ake kira. Haka munka tarar, haka muke yi.

Na kai shi gaban Tamada, sarkin jirginmu, ƙarƙashin ɗorawar bakin ruwa inda muke taro.

Tamada ya dube shi ya dube ni. "Dudu, in ɗanka ne ya zo, ba sai goro ba, a gabanmu ya koyi iyo. In kuwa aikin Abuja ne ya zo, sai goro. Wanne ne?"

Na ajiye ƙullin goro a kan tabarma. "Na tsaya masa."

"Ka ji da kunnenka, yaro?"

"Na ji, ranka ya daɗe."

Anka raba, kowa ya ɓara. Har Zaidu, abokina da munka fara jan jirgi tare, ya ɗauki biyu ya ce ɗaya na digiri ne.

Gaskiya yaron ya iya aikinsa. Ba ya zuwa da takalmi mai tsini, ba ya gyara wa kowa magana. Ya hau jirgin wannan yau, gobe na wancan, ya taya ɗaure buhunan albasa, ya ci kifi da rogo a kwano ɗaya da kowa. Sai tambaya kamar ɗan yaye. Kafin wata ya kama anka sa masa Malam Tambaya.

"Malam Tambaya!" in ji Zaidu in ya hango shi. "Yau mi za ka tambaya? Kalar wandona?"

"A'a, Kawu, wannan kowa ya gani, tun bara ba ka sauya ba."

"Ka ji ɗan banza! Dudu, da kuɗinka ka sayo wa kanka wanga baki?"

Da haka mutane sunka saki jiki. Mata sunka gaya masa rigar ruwan ba ta shiga a kan goyo, kuma babu uwar da za ta kwance ɗanta daga baya don ta sa rigar roba mai ruwan lemo ta tsira ita kaɗai. Maza sunka ce wanda ya sa riga tun a tasha kamar ya gaya wa direba bai yarda da hannunsa ba ne, kuma ya kira abin da ake gudu. Wasu sunka ce zafi. Mu direbobi kuwa mun sami rigunan da daɗin zama a kai, katako na cin ɗuwawu. Yakan dawo gida yana zuba wa Innarsa labari, yana cewa za a iya ɗinka rigar da za ta rufe uwa da goyo tare.

Sai maganar ciko.

A tasha akwai jami'in da ke tsayawa yana ƙirga fasinja, in an kai adadi ya ɗaga hannu, jirgi ya tashi. Amma in ka wuce kwanar da matattun giginyu ke tsaye cikin ruwa, inda ido ba ya kaiwa daga tasha, kwalekwale na nan na jira. Matan gungu ne da kwandunan kifi banda da albasa, masu biyan rabin kuɗi, da duk wanda anka bari a tasha ya bi ta gaɓa. Nan muke rage wuta mu kwashe su. Shi ne ciko. Tun da fetur ya hau, kuɗin tasha na mai ne, ciko ne na tuwo. Kowa na yi. Ni ma ina yi, kuma ba zan ce ban san nauyinsa ba.

Ranar da ya fara gani a jirgina, ya matso kusa da inji.

"Baba, ruwa saura tafin hannu ya shigo."

"Ina da ido."

"In munka bugi kututture fa?"

"Sai yadda Allah ya yi. Ka ga waccan tsohuwa? In ban ɗauke ta ba, da filafili za ta tuƙa har Wara, ta isa kasuwa ta watse. Zauna tsakiya, kana karkata mini jirgi."

Da munka dawo na ja shi gefe. "Wanga ba na Madam ba ne."

"Ba na faɗin sunan kowa, Baba. Doka ce a aikinmu."

"Ban ce suna ba. Magana na ce."

Ya ce to. Wannan to ɗin na riƙe.

Da aikin ya zo ƙarshe anka kira taro a wani otal a Birnin Kebbi, anka ce masu jirgi su turo wakili. Tamada ya ce in tafi, tunda ɗana ne zai yi bayani. Na sa babbar rigar Sallah. Ɗaki da sanyi kamar cikin randa, ga manya da kaki, ga masu kwat, ga ruwan roba a gaban kowa. Da Turanci ake komai. Wani mai kaki ne kawai ya juyo wajena ya faɗa da Hausa, wai matsalar ruwan nan taurin kan masu jirgi ne da jahilci, maganinmu a ninka tara, a ƙara mai ƙirga a tasha. Anka yi dariya. Na ga kunnen Zaharaddeen ya motsa, irin yadda nawa ke yi.

Da anka ba shi abin magana, yaro ya miƙe. Ban ji abin da yake cewa ba, amma na ga ɗakin ya yi tsit. Yana nuna hoton mace da goyo, yana nuna tafki a bango, yana magana ba gargada, mai kakin nan ya daina wasa da mukullinsa ya kafe shi da ido. Na ji ya ce Yauri, na ji ya ce fetur. Na ce a raina, yau dai karatun sanin mutane ya yi rana. Da ya gama ni na fara tafi, kuma ni na ƙare, har na miƙe tsaye. Madam Susan ta zo ta gaishe ni ta ce in gode wa Allah da irin wanga ɗa.

Ranar kasuwar Wara da ta biyo, injina ya ƙi tashi. Ina tsugune ina kwance fulogi, jirage sunka tafi sunka bar ni. Hantsi bai gama ɗagawa ba labari ya iso. Jami'ai sun laɓe da jirginsu mai gudu a bayan giginyu, sun bari an gama ciko, sannan sunka fito. Jirgin Zaidu, da na Abdulrahman, da na Zulkiflu. Anka sauke mata a gaɓa da kwandunansu, anka ja jiragen anka tafi da su.

Kafin la'asar bidiyon taron ya zagaya tasha, ƙungiyar ce da kanta ta sa shi a waya. Mai sayar mana da mai ya ji Turanci, shi ya riƙa juya musu. Ga ɗana yana cewa ƙirga a tasha aikin banza ne, don bayan kwanar giginya ake ainihin lodi. Ga ni a ƙarshe, da rigar Sallah, ina tafi a tsaye. Kuma ga jirgina ɗaure a tasha, shi kaɗai bai fita ba ranar.

Zaidu ya zo ya tsaya a kaina. Bai zage ni ba, da ma ya zaga.

"Fulogi ko, Dudu?"

"Fulogi."

"Allah ya ba shi lafiya."

Ya juya ya tafi.

Na sami Zaharaddeen a tsakar gida ya koma zagayen rijiya.

"Mi na gaya maka?"

"Baba, kare ku na yi. Kana ji mai kakin nan ya ce ku jahilai ne. Na gaya musu ba taurin kai ba ne, mai ne. Na ce a sauƙaƙa wa masu jirgi mai, a ba matan gungu jirgin safe nasu, a ɗinka rigar goyo, ciko zai mutu da kansa. Duk na faɗa. Maganar wurin ciko kawai sunka ɗauka."

"Kai da ka karanta mutane, ba ka karanta mai kaki ba?"

Ya tsaya. "Ban faɗi sunan kowa ba."

"Kwanar giginya nawa ce a tafkin nan?"

Can ya ɗago ya ce, "Kuma ko ban faɗa ba, Baba, wata rana ruwan zai faɗa. Tafin hannu fa."

Na ɗaga hannu, Hansatu ta shiga tsakani. "Malam, ka bari. Ƙarya ya yi?" Na sauke hannun, don ba ƙarya ya yi ba. Amma gaskiya ma tana da wurin da ake ajiye ta, kuma ni na raba goro.

A makon nan Madam Susan ta kira shi. Bayaninsa ya burge manyansu, kujerar Abuja ta tabbata, da albashin da ya ce Andrew sai ya haɗa watanni bai kama ƙafarsa ba. Ya ajiye wayar a kan turmi kamar ta ƙone shi.

Tamada ya kira taro ƙarƙashin ɗorawa. Tasha duka ta zo, har masu soya ƙosai sun matso da kaskonsu. Babu wanda ya matsa mini a tabarma, na tsaya.

"Dudu, wa ya raba goro?"

"Ni."

"Magidanta uku ba su da abin fita. Yara na gida. Mun yi shawara, hanya biyu ce. Ko yaron ya ajiye aikin mutanen nan, ya zo nan ya durƙusa, ya kama igiya da kwarfar ruwa a tasha kamar kowane yaron jirgi, har mu tabbata ya dawo namu, mu kuma mu haɗa hannu mu nemi jiragen. Ko kuwa ya bi Abujarsa, kai ka fita layi, jirginka ya yi wa mutum ukun nan aiki har nasu su dawo. Shi kuma kada ƙafarsa ta sake taka jirgin kowa a ruwan nan."

Ban san yaron ya biyo ni ba sai da na ji muryarsa a bayana. Ya riga ya cire takalmi.

"Ranka ya daɗe, ni na yi laifi. Na ajiye aikin."

Ya fara sauka kan gwiwa. Na kama wuyan rigarsa na ɗaga shi tsaye.

"Wa ya tambaye ka?"

"Baba, layinka ne. Tun kafin a haife ni."

"Rufe mini baki. Damina nawa na kalle ka kana zagaya rijiya kamar akuyar da anka ɗaure? In ka kama igiya nan, igiyar za ka riƙe har ka yi furfura, kuma Malam Tambaya za a kira ka ana dariya. Ban sayar da gonar albasar ubana don in samu yaron jirgi ba, da ina so da na ɗauko a kasuwa." Na juya wajen Tamada. "Da yaro ba a yi magana ba ranar goro. Da ni anka yi."

Zaidu ya ce, "Dudu, ka yi tunani. Taurin kan nan."

"Shi mai kaki ya faɗa, ai ka ji."

Wasu sunka yi dariya, sannan sunka tuna fushi suke yi. Na kwance mukullin inji daga ɗamarata na ajiye a kan tabarma, daidai inda na ajiye goro. Na gaya wa Zaidu in injin ya ƙi tashi da safe kada ya yi ta jan igiya, ya ɗan karkata shi hagu tukuna.

Zaharaddeen ya tafi Abuja da jaka ɗaya. A tashar mota ya so ya yi magana, na ce direba na jira.

Jiragen nan uku ba su dawo da wuri ba. An yi ta zirga-zirga, yau a ce mai sa hannu ya yi tafiya, gobe a ce a dawo. Suna kife a tudu rana na dukansu. Na Abdulrahman da na Zulkiflu sun fito an yi musu faci. Na Zaidu katakonsa ya buɗe har kana hango ƙasa ta ciki, ko itacen wuta sai an zaɓa. Sharaɗi kuwa har nasu su dawo anka ce. Nasa bai dawo ba.

Ciko bai mutu ba. An matsa da shi gaba, wani lungu da ya fi na giginya kututture. Rigar goyo har yau ana taro a kanta, in ji Zaharaddeen, yana ta bi, wai an ɗinka ta gwaji. Yanzu Arewa duka yake yawo, yau wajen masu haƙar zinariya, gobe wajen makiyaya, yana tambayarsu abin da ya sa suke yin abin da suke yi. Duk wata yana aiko wa gida, ba ya fashi. Hansatu ta sauya kwanon ɗakinta. Da ƙanwarta ta aurar da ɗiya a gungu Zaharaddeen ya zo har Yauri da kayan biki, ya tsaya a gaɓa, anka ɗauki kayan anka bar shi.

Ni kuwa barci ba ya kai ni asuba. In na idar da salla ƙafata ba ta san hanyar gida ba, sai bakin ruwa. Ba na shiga ƙarƙashin ɗorawa. Can gefe nake tsayawa wajen masu wankin babur, in zauna, in tashi, in koma wancan dutse, in dawo. Cikin injuna duka ina gane tarin nawa. Zaidu ya karkata shi hagu, ya tashi, ya ɗago mini hannu, wata rana in ɗaga masa, wata rana in yi kamar ban gani ba. In ina da sha'ani a Wara mota nake shiga, a matse ni da buhuna, ina hango tafki ta taga.

Mutane na tare ni a masallaci suna cewa Dudu ka huta, ɗa na Abuja. Har wani ya kawo mini nasa yaron, wai shi ma karatun sanin mutane yake so, in gaya masa ko akwai samu. Na ce akwai, ga wanda Allah ya ba kujera. Tawa dai na san abin da ta ci. Jirgina ne da layina, kuma ni na biya.